RUWAN SHA A GIDA: DAGA BAKIN RIJIYA ZUWA BAKIN MUTUM

Ruwa abokin aiki, in ji masu iya magana. Ba gidan da za a wayi gari a wuni a cikinsa ba a taɓa ruwa ba. Da shi a ke alwala, da shi a ke girki, da shi a ke wanka da wanki, shi ne kuma abin da a ke fara miƙa wa baƙo tun kafin a tambaye shi gajiya. Amma fa abokin aikin nan, in aka yi sakaci da shi, shi ne ya kan shigo da cuta har ƙuryar ɗaki ba tare da sallama ba. Kwalara, watau cutar amai da gudawa, da zazzaɓin taifod, da atini, da zawon da ke kayar da yara, duk ta hanyar ruwa da abinci suka fi shiga cikin mutum.

Zamani ya kawo sauƙi ƙwarai a sha'anin ruwa. A da sai mace ta aza gammo, ta ɗauki tulu, ta nufi rafi ko tafki. Yanzu kuwa a garuruwa da ƙauyuka da yawa akwai rijiyar burtsatse, akwai famfo, ga 'yan ga-ruwa suna turo kura har ƙofar gida, ga ruwan leda a kowane shago, mai hali kuma ya ɗora tanki, ya sayi firji. Saboda haka mutane da yawa sun saki jiki, suna zaton an gama da batun ruwa. To, ba a gama ba. Ruwa ya kan fito daga wuri mai tsabta, ya ɓaci a hanya, ko ya ɓaci a tsakar gida. Tsakanin rijiya da bakin mai sha akwai zango biyar: rijiyar kanta, da abin ɗebowa, da randa, da moɗa, da hannu. In aka tsare huɗu aka saki ɗaya, wahalar da aka sha a kan huɗun ta tafi a banza.

1. ABIN DA IDO BA YA GANI

Yawancin mutane da ido su ke auna ruwa. In sun ga ya yi garai-garai, ba gurɓata, ba wari, sai su ce lafiya lau ya ke. Amma ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, ba su kuma sāke wa ruwa launi ko ɗanɗano. Daga bayan gidan mai ciwo su ke fitowa, su bi ruwan sama, ko ƙuda, ko hannu, har su iske ruwan sha.

A birnin Landan ta ƙasar Ingila aka fara nuna wannan a fili. Cikin 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin mutane suna tsammani muguwar iska ce ke kawo ta. Sai wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambaya inda mamatan su ke ɗiban ruwa, ya iske yawancinsu rijiya ɗaya su ke sha, wadda a ke bugawa da famfon hannu. Ya sa hukuma ta cire mariƙin famfon. Daga baya aka gane akwai wani ramin ƙazanta daf da rijiyar, wanda a ke zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai zawo. Mutanen unguwar kuwa yabon ruwan rijiyar nan su ke yi saboda daɗinsa.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta bazu cikin 1971, tun daga sa'an nan kuwa ba ta daina komowa ba, musamman da damina. A 1991 an ƙirga mutum fiye da 59,000 da suka kamu, fiye da 7,000 suka rasu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da 111,000 waɗanda a ke zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu. Fiye da rabin waɗanda suka kamu a shekarar nan daga jihohi huɗu suka fito: Bauchi, da Jigawa, da Kano, da Zamfara. Ashe kuwa maganar ba ta nesa ba ce.

2. DARASIN KURKUNU

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin talaka. Labarin kurkunu ya isa shaida. Dattawa ba su manta yadda ta kan kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina ba, gona na kiran mai ita, shi kuwa yana kwance da kumburarriyar ƙafa, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kaɗan kaɗan. Asalinta waɗansu 'yan ƙwari ne na cikin ruwan tafki, masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. In mutum ya sha su, sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta ɓullo, tsawonta ya kan kai mita ɗaya. Zafi ya sa mai ita ya tsoma ƙafa cikin tafki don ya ji sanyi, ita kuwa sai ta zuba 'ya'yanta a ciki, a sāke sabon lale.

Kurkunu ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Duk da haka an ci ƙarfinta. Binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 ya sami mutum fiye da 650,000 masu ita a Nijeriya. Aka tashi tsaye, da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zaga ƙauyuka yana jan hankalin jama'a da hukumomi. Aka haƙa rijiyoyi, aka zuba magani a tafkuna, aka hana mai kurkunu shiga ruwa. Babban makami kuwa shi ne ɗan ƙyallen tace ruwa da aka raba wa matan gida. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya, haka kuma a Nijar, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasashen biyu sun rabu da ita. A 1986 an ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 3 da rabi, a 2023 kuwa mutum 14 kaɗai aka samu, yawancinsu a Chadi. Cutar da likita ba shi da maganinta, ga shi an kore ta daga bakin randa.

3. ZANGO NA FARKO: RIJIYA

Rijiya da salga ba su zama maƙwabta. Ƙazantar salga ta kan tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, balle inda ƙasar ta ke da rairayi, ko da damina sa'ad da ruwa ya taso sama. Abin da a ke so shi ne a bar mita 30 tsakaninsu, watau kamar taku 40 na babban mutum, salgar kuma ta kasance a gangare, rijiya a tudu. A cikin birni, inda gidaje suka matse, da wuya a sami wannan fili, ga kuma salgar maƙwabci a bayan katanga. Wanda rijiyarsa ta ke haka, kada ya sha ruwanta sai an gyara shi kamar yadda za a bayyana a gaba.

A ɗaga bakin rijiya, a shafe kewayenta da siminti, a fitar da hanyar da ruwan da ya zube zai bi ya yi nisa. A yi mata murfi, don ƙura da ƙadangare, don kuma yara. Guga da igiya kada su kwana a ƙasa inda kaji da awaki ke takawa. A kafa sanda a riƙa rataye su. In rijiyar unguwa ce, guga ɗaya tsararre ya fi guga ashirin da kowa ya jawo daga gidansa. Wurin shayar da dabbobi, da wurin wanki, a matsar da su can gefe.

4. ZANGO NA BIYU: TULU DA JARKA

Jarka ta gāji tulu, tana kuwa da amfani, gama bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga. Amma ƙanƙantar bakin nan ita ke hana a wanke ta. In aka leƙa cikin jarkoki da yawa sai a ga gansakuka ta yi kore shar. Ga yadda a ke yi: a zuba 'yar tsakuwa mai tsabta da ruwan sabulu, a rufe, a girgiza da ƙarfi, a ɗauraye har sau uku, a kife ta bushe. In murfi ya ɓace a nemi wani, kada a toshe bakin da tsumma ko ledar da aka tsinta. Mai ɗiba da bokiti kuma ya bar ɗabi'ar jefa ganye a kan ruwa don kada ya fantsama, ya nemi bokiti mai murfi.

Jarka ko duro da aka taɓa zuba fetur, ko kananzir, ko maganin feshin gona a ciki, ba ta komawa ta ruwan sha har abada. Roba ta kan sha guba, sabulu kuwa ba ya fitar da ita.

Wanda ke sayen ruwa wurin ɗan ga-ruwa, ba laifi ba ne ya tambaye shi cikin mutunci, “Malam, daga ina ka ke ɗebowa?” ya kuma leƙa cikin jarkar kafin a juye. In masu saye suna tambaya, masu sayarwa za su gyara.

5. GYARAN RUWA KAFIN A ZUBA A RANDA

Gyaran ruwa hawa biyu ne: a fitar da dattin da ido ke gani, sa'an nan a kashe ƙwayoyin da ido ba ya gani. Mutane da yawa su kan yi na farko su tsaya, alhali na biyun ne mai ceton rai.

Kwantarwa. In ruwa ya gurɓace, a sa ɗan alif kaɗan, a juya, a bari laka ta kwanta, a tsiyaye na sama. 'Ya'yan zogale busassu suna yin wannan aiki: a ɓare su, a daka ƙwayar ta yi laushi, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama a zuba, a juya sosai, a bari sa'a ɗaya ko biyu.

Tacewa. A sami farin ƙyalle mai tsabta, a ninka shi huɗu, a ɗaure a bakin mazubi. A ƙauyukan Bangaladash an gwada tacewa da tsohon zane ninki huɗu, rahoton da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Rabi kuwa ba duka ba ne, saboda haka tacewa ba ta isa ita kaɗai ba. Bayan an gama a wanke ƙyallen a shanya a rana, kada kuma a juya bayansa ya koma ciki.

Tafasawa. Ita ce uwar gyara. Ba ɗumamawa a ke nufi ba; sai ruwa ya tafasa yana ɓalɓala har minti ɗaya cur. A bar shi ya huce a rufe, kada a sirka shi da ɗanyen ruwa. In an ce itace da gawayi da gas sun yi tsada, gaskiya ne, amma da an sauke tuwo a kan bar garwashi yana ci a banza. A ɗora tukunyar ruwa a kansa, a ƙara 'yan ƙirare. In ba za a iya tafasa na dukan gida ba, a tafasa na yara ƙanana, da tsofaffi, da marasa lafiya.

Maganin ruwa. Akwai kulorin na ruwa da na ƙwaya da a ke sayarwa a kantin magani don wannan aiki. A bi awon da aka rubuta a jikinsa, ba ƙari ba ragi, a jira minti 30 kafin a sha. Ɗan warin da a ke ji alama ce yana aiki.

Rana. Ƙasar nan Allah ya hore mata rana, ita ma magani ce. A cika farar gorar roba wadda a ke hangen cikinta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwa garai-garai, a rufe, a kwantar a kan rufin kwano sa'a 6 cikin rana tsantsa. In akwai hadari ko hazo, sai ta yi kwana biyu. Gurɓataccen ruwa ba ya gyaruwa ta wannan hanya sai an kwantar da shi tukuna.

6. ZANGO NA UKU: RANDA

Kada a raina randa don ta tsufa. Jikinta na da 'yan ƙofofi ƙanana, ruwa na tsatsowa ta cikinsu, iska na busar da shi, wannan busarwa kuwa ita ke janye zafi, ruwan ciki ya yi sanyi ba da wutar lantarki ba. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Randa ba ta da aibu sai wanda masu ita suka jawo mata.

A ware randar sha dabam da ta wanke-wanke. A girke ta a inuwa, bisa ɗan tudu, nesa da makewayi da turken dabbobi. A yi mata murfi mai rufewa ruf, ba tsohon faifai mai huji ba. Kada a yi ta ƙara sabon ruwa a kan tsoho wata da watanni. Duk bayan kwana biyu ko uku a juye na ƙasa, a goge cikin da soso mai tsabta wanda ba a aikin komai da shi sai wannan.

Akwai wani dalili kuma. Sauron da ke kawo ciwon shawara a cikin randa da duro da tsofaffin gwangwanaye ya ke yin ƙwai, yana manna shi a jikin mazubi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Don haka ne duba-gari na zamanin da su kan shiga gida su buɗe randa su duba tsutsa. Gidan da ke goge mazubansa kowane mako ya yanke wa sauron nan hanya. A tuna kuma buɗaɗɗen duro ko baho cike da ruwa tarko ne ga yaro mai rarrafe.

7. ZANGO NA HUƊU DA NA BIYAR: MOƊA DA HANNU

A nan ne yawancin gidaje su ke faɗuwa. A ce uwargida ta tace, ta tafasa, ta zuba a wankakkiyar randa. Yaro ya shigo daga wasan ƙasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zurma ta har wuyan hannu, ya kafa kai ya sha, ya mayar da sauran ciki. Duk itacen da aka ƙona ya tafi a banza, mutum goma kuma za su sha bayansa.

Maganin abin ba shi da tsada. Moɗa biyu a ke so: ta ɗiba, da ta sha. Ta ɗiba ta zama mai dogon mariƙi, kamar ludayi, don kada yatsu su taɓa ruwa, a rataye ta a ƙusa, ba kuwa mai kai ta baki. Da ita za a zuba a kofi. Abin da ya rage a kofi a zuba wa shuka. Wanda ya sami hali ya sayi bokiti mai murfi da famfo a gindi, ya huta da tsoma komai.

Hannu kuwa, ruwan buta kaɗai ba ya fitar da ƙwayar cuta, sai da sabulu. In babu, toka mai tsabta ta fi babu. Lokatan da ba a wasa da su su ne: bayan fitowa daga makewayi, bayan an wanke wa yaro, kafin a taɓa girki, kafin a ci, kafin a ba yaro. Kashin jariri ba shi da bambanci da na babba wajen ɗaukar cuta. A zuba shi a salga, ba a bayan ɗaki ba. Wajen cin abinci kuma a bar al'adar kowa ya tsoma hannu cikin kwano ɗaya na wanke hannu, gama na ƙarshe da dauɗar na farko ya ke wankewa. A zuba wa kowa daga buta.

8. KAYAN ZAMANI DA SHARAƊINSU

Kowane abin zamani da sharaɗinsa ya zo. Tankin da aka ɗora a sama randa ce babba. In murfinsa ya tafi da iska, tsuntsu da ƙadangare da ƙura sun sami wuri. A hau a duba shi, a wanke shi lokaci lokaci. Bututun famfo a cikin gari sau da yawa ta cikin kwata ya ke bi. In ya tsage, sa'ad da aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi na kwata, saboda haka ruwan farko da ya zo bayan an daɗe ba a kawo ba, a yi wanki da shi, kada a sha.

Ruwan leda a duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, kada kuma a sayi wanda ya daɗe jibge a rana. Ko na ciki mai kyau ne, bayan ledar ya bi hannuwa da yawa, da haƙori kuwa a ke huda ta. A ɗauraye ta tukuna. In an shanye kada a yar a titi. Ledar nan ita ke toshe kwata, kwata ta toshe ruwan sama ya yi ambaliya, ambaliya ta kwashi ƙazantar salga ta zuba a rijiya.

Firji kuwa sanyaya ruwa ya ke yi, ba ya gyara shi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta ya ke yi. Ƙanƙarar da aka yi da ɗanyen ruwa, in ta narke cikin fura ko zoɓo, da cutarta ta ke narkewa. Matan da ke sana'ar zoɓo da kunun aya da lamurje su sani amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsu: su yi da tafasasshen ruwa, su wanke gorunan da sabulu, su guji waɗanda aka tsinto a bola.

9. JARIRI BA YA BUKATAR RUWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga haihuwa har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba a ba shi, ko da bazara ce. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwa kuwa wanda bai bi ta jarka ko moɗa ba. Sau da yawa a kan sami saɓani a nan tsakanin mai jego da uwar miji, wadda tausayi ne ke sa ta ce, “'Yar nan, ba shi ruwa mana, ba ki ga zafin da a ke yi ba?” Ba gardama za a yi da ita ba. Mai jego ta ce, “To, Inna, bari in sha in ba shi nono, malaman asibiti sun ce ruwansa na ciki.” Maigida kuma ya zauna da mahaifiyarsa ya yi mata bayani cikin ladabi, kada ya bar matarsa ita kaɗai da maganar.

10. IN CUTA TA RIGA TA SHIGO

Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kwalara ta kan kashe babban mutum cikin 'yan sa'o'i in ba a mayar masa da abin da ya zubar ba. Saboda haka kuskure ne babba a hana mai zawo sha don wai zawon ya tsaya.

Kowane gida ya ajiye ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki. In babu, a haɗa na gida: lita 1 ta gyararren ruwa, da sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri, yawansa na da haɗari. A riƙa ba shi kurɓi kurɓi. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Kada a daina ba yaro nono ko abinci, a kuma karɓo masa ƙwayar zinki a asibiti, ya sha kwana 10 zuwa 14.

In aka ga zawo fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ko jini a ciki, ko ido ya faɗa, ko maɗigar jariri ta loɓa, ko fitsari ya ɗauke, ko mai ciwo ya kasa sha, to, ba sauran jira. A tafi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, ana ba shi ruwan nan a hanya. Tufafinsa da shimfiɗarsa kada a wanke su a bakin rijiya ko rafi. A tuna da ramin nan na Landan. A kuma sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya, gama ɓoye kwalara ba sutura ba ce, jawo wa maƙwabta ne.

11. AIKIN KOWA NE

Samar da ruwa mai kyau ga gari hakki ne a kan hukuma, jama'a kuma suna da ikon su nema. Amma ba hukumar da za ta shiga gida ta rataye moɗa. Maigida shi ne da gyaran bakin rijiya, da murfi, da salga, da kuɗin sabulu. Uwargida ita ce da randa da tukunya. Yara a koya musu tun suna ƙanana, su ne za su riƙa tuna wa manya. Mai unguwa da liman da malamin makaranta su ja hankalin jama'a tun kafin damina ta sauka, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara, ƙazantar gida ɗaya kuma ta kan kai rijiyar gida goma.

Mai hankali ya zauna ya yi lissafi: kuɗin murfi da ludayi da sabulu a gefe guda, kuɗin mota zuwa asibiti da ƙarin ruwa da kwanakin da aka rasa a gona ko kasuwa a ɗaya gefen, ban da abin da kuɗi ba ya mayarwa. Rigakafi ya fi magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne ne zango biyar da ruwa ke bi kafin a sha shi?
2. Taku nawa ya kamata a bari tsakanin rijiya da salga?
3. Don me kwantarwa da tacewa ba su isa su kaɗai ba?
4. Yaya aka rabu da kurkunu alhali ba ta da magani?
5. Mene ne amfanin moɗa biyu?
6. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
7. Kowane ɗalibi ya duba randar gidansu yau, gobe ya zo ya faɗi zangon da ya ga yana bukatar gyara.